Tsohon Rediyo Mai Bawul a Legas: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaransa da Tsarin Wutarsa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga 'yan uwa mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, waɗanda tsohon akwatin rediyo ya faɗo hannunsu. Wani gadon mahaifi ne aka sauko masa da shi daga gida, wani kuma a kurar 'yan gwangwan ya hango shi kafin a fasa a cire jan ƙarfe. Yawancin amsoshin sun karkata ga ɓangaren wuta, domin a nan rediyon ke lalacewa, a nan kuma yake iya hallaka mai gyaransa.

Ta yaya zan gane rediyon da ke hannuna mai bawul ne?

Leƙa ta ramukan murfin baya. In ka hango 'yan kwalaben gilashi a tsaye, huɗu zuwa takwas, to shi ne. Kowace kwalba an zuƙe iskar cikinta, akwai kuma siririyar waya da sai ta yi zafi kafin bawul ɗin ya fara aiki. Shi ya sa irin wannan rediyo ba ya magana nan take, sai ya yi kamar rabin minti yana ɗumama. John Ambrose Fleming ne ya ƙera bawul na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest a Amurka ya ƙara masa abin da ya sa yake iya ƙara ƙarfin sauti a 1906. Taransista ta zo a 1947, rediyon aljihu ya fito a 1954, daga nan kasuwar bawul ta fara ja baya.

Waɗanda suka shigo Najeriya galibi Philips ne, da Grundig, da Telefunken, sai na Ingila irin su Bush, Pye, Murphy da GEC. Zamaninsu ne zamanin da aka kafa gidan rediyon Najeriya a 1951, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo a 1962. Wutar da suka fara sha ta ECN ce, hukumar lantarki ta wancan lokaci, tun NEPA ba ta zo ba, domin ita sai 1972.

Malam, me zai hana in jona shi kawai in ga ko yana yi?

Kada ka jona. Rediyon da ya yi shekara talatin ko arba'in a ajiye, musamman a laimar Legas da iskar teku mai gishiri, kafasitocinsa, wato 'yan kayan da ke tara wuta su riƙe ta, sun riga sun canza hali. Manyan da ke cikin gwangwanin alminiyam sun bushe ko sun zama kamar waya miƙaƙƙiya, ƙananan na takarda da kakin zuma sun sha danshi suna yoyon wuta. Ka danna makunni, wuta ta bi ta inda bai kamata ba, cikin 'yan mintuna taransifoma, wato naɗin wayar da ke ɗaga wuta ko rage ta, ta gasu. Kafasita kuɗinta kaɗan ne, ko'ina akwai ta. Taransifomar rediyon 1958 kuwa babu shagon da zai miƙo maka irinta.

Abin da za ka fara yi ba ya buƙatar wuta. Cire murfin baya, ɗauki hoto ta kowace kusurwa da wayarka, share ƙura da busasshen buroshi. Za ka tarar da ƙwan kyankyaso a maƙale a kusurwoyi, wani lokaci ɓera ya gaigaye rigar waya. Dubi wayar filogi: in robarta tana ɓarewa a hannu, a canza ta kafin komai. Sansana taransifoma, ƙauri ba ya ɓoyuwa. In kuma ka ga wani farin allo mai zare-zare kusa da abin da ke zafi, kada ka kankare shi, yana iya zama asbestos, ƙurarsa cuta ce ga huhu. Yadda ake ba shi wuta karon farko yana cikin amsar ƙwan fitila a ƙasa.

Da gaske ne yana iya jan mutum ko bayan an zare filogi?

Gaskiya ne. A cikin rediyon akwai volt 250 zuwa 350 na DC, wato wuta mai tafiya ta fuska ɗaya irin ta batir, fiye da abin da ke soket ɗin bango, kuma manyan kafasitoci suna riƙe wannan wuta bayan an kashe. Kafin hannunka ya shiga, zare filogi, sannan ka sauke wutar ta rizista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai kilo-ohm 10 zuwa 22, wat 5, da aka ɗaura wa wayoyi masu riga, daga ƙafar kafasita zuwa shasi, wato farantin ƙarfen da aka ɗora kayan rediyon a kai. Auna da mita ka tabbatar ta sauka. Kada ka gitta sukudireba kamar yadda wasu ke yi don su ga tartsatsi, hakan na lahanta kafasitar.

In dole sai ka yi awo rediyon na kunne, maƙala baƙar wayar mita a shasi tun kafin ka kunna, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Sa takalmin roba. Siminti mai danshi da ƙafa tsirara da jiki mai gumi, wato yanayin yawancin shagunanmu a damina, su ne suka fi sauƙaƙa wa wuta hanya.

Wace irin wuta rediyon ke buƙata, kuma yaya ake samar da ita daga ta bango?

Iri biyu yake sha. Ta farko ƙarama ce, ta ɗumama bawul, yawanci volt 6.3, kuma AC, wato wuta mai kai da komo irin ta bango, ma ta wadatar. Ta biyu babba ce, kimanin volt 250, dole kuma ta zama DC mai santsi, domin duk wata rawa da ke cikinta za ta fito a lasifika. Taransifoma ce ke raba wutar bango, volt 230 mai juyi 50 a sakan, zuwa waɗannan biyu. Naɗin babbar wuta yakan zo da waya a tsakiyarsa da ke zuwa shasi, gefe da gefe kuma volt 250 kowanne.

Daga nan sai raktifaya, wadda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. A rediyon Turai bawul ne mai lamba EZ80 ko EZ81, a na Amurka 5Y3 ko 80. Abin da ke fita daga gare ta tsalle-tsalle ne, sau 100 a sakan. Kafasita ta farko tana aiki irin na tankin ruwa a saman gida: famfo na turowa da tsinkewa, amma na ƙasa yana samun ruwa ba yankewa. Bayanta akwai rizista mai kamar kilo-ohm 1 ko 2, ko kuma cok, wato naɗin waya a kan ƙarfe mai daidaita wuta, sannan kafasita ta biyu da ke ƙarasa gyaran. A rediyon shekarun 1930 naɗin maganaɗisun lasifika ne ke yin aikin cok, don haka in ka ga lasifika mai waya huɗu kada ka musanya ta da ta zamani kai tsaye.

Lambar bawul ɗin Turai tana faɗa maka abincinsa. Harafin farko E yana nufin volt 6.3, U na nufin ana jera su a layi ɗaya da milli-amp 100, D kuma na batir ne, volt 1.4. Jerin da za ka fi gani a Grundig ko Philips na ƙarshen shekarun 1950 shi ne ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EL84, da koren idon nan EM80 ko EM84 da ke tsukewa in tasha ta zauna daidai.

Nawa ba shi da babbar taransifoma, bawul ɗinsa duk da U suka fara. Matsala ce?

Wannan shi ne wanda ya fi kowanne haɗari. Don rage kuɗi aka yi su ba taransifoma: an jera wayoyin ɗumama a layi ɗaya, UCH42, UF41, UBC41, UL41 da UY41, jimillarsu kimanin volt 117, ragowar kuma wata doguwar rizista ce ke ƙone ta ta zama zafi, sama da wat 10. Illar ita ce ɗaya daga wayoyin bango tana haɗe da shasi kai tsaye. In filogi ko soket ya juye, ƙarfen rediyon gaba ɗaya yana ɗauke da volt 230. A gidajen haya na Legas, inda mai haɗa wuta ba lallai ya damu da wace waya ce mai rai ba, kada ka ɗauka naka daidai yake.

Ba a gyaran irinsa sai da taransifoma mai raba shi da wutar bango, wadda naɗin shiga da na fita ba su haɗu ba. Bayan gyara, kada a kunna shi murfin baya a buɗe, kada kuma a bar mariƙin murɗawa ko ɗaya a cire, domin sandar ƙarfen da ke ciki tana iya ja. Gidan da ke da yara, ni ban ba da shawarar a ajiye shi a ƙasa-ƙasa ba.

Mene ne gwajin ƙwan fitila da ake ta faɗa?

Ƙwan fitila ne na da, mai zare a ciki, wat 60 ko 100, a jera shi a kan wayar mai rai tsakanin bango da rediyo, yadda duk wutar da rediyon zai sha sai ta bi ta cikinsa. In lafiya, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci sannan ya dushe ya koma ja-ja. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zurarewa, sai ka kashe, kuma ƙwan ya riga ya tare ɓarnar. Wahalar yau ita ce samun ƙwan, tunda LED ta cinye kasuwa, ita kuwa ba ta wannan aiki sam. Tambayi masu kayan kiwon kaji, suna amfani da shi wajen ɗumama 'yan tsaki.

Waɗanne kafasitoci zan canza, waɗanne zan bari?

Na takarda da kaki duk su tafi. Za ka gane su: launin ruwan ƙasa, jikinsu na danƙo, ƙura ta manne musu, wasu sun tsage kaki ya tsiyaye a kan shasi. A sa na zamani masu volt 630. Lambobin girmansu, da ake aunawa da µF, sun ɗan sauya, inda aka rubuta 0.05 sa 0.047, inda 0.02 sa 0.022, inda 50 sa 47. Guda ɗaya ta fi sauran muhimmanci, wadda ke kai sauti zuwa bawul na ƙarshe, EL84 ko UL41. In tana yoyo, bawul ɗin zai ja wuta fiye da kima, ya yi ja, ya tafi da taransifomar lasifika. A EL84 auna ƙafa ta 2, ya kamata ta nuna kusan sifiri, ƙafa ta 3 kuma wajen volt 7. Wadda ke gitte a kan wutar bango a musanya ta da mai alamar X2, wadda ke zuwa shasi kuma mai alamar Y2, ba kowace aka samu ba.

Ƙananan na mika da na tangaran da ke kewayen kwayil, wato ƙananan naɗin wayar kamo tasha, a bar su, ba kasafai suke lalacewa ba, kuma taɓa su na ɓata saitin tashoshi. Haka 'yan sukurorin da ke cikin gwangwanayen alminiyam masu kusurwa huɗu: ba sako-sako suka yi ba, saiti ne na masana'anta, kada a ɗaure su. A riƙa canza ɗaya, a gwada, sannan a wuce ta gaba. Wanda ya yanke goma a lokaci guda shi ke kwana yana neman inda waya ta fito.

Yana gurnani ko na rage murya. In ƙara girman kafasita ya daina?

Gurnanin da bai damu da mariƙin murya ba daga manyan kafasitoci yake, canza su ne magani. Amma a tsaya kan girman da aka tsara. Lissafin mai sauƙi ne: rawar da ke kan kafasita ta farko kusan daidai take da wutar da rediyon ke ja, a raba da 100, a sake rabawa da girman kafasitar. Rediyo mai jan milli-amp 60 da kafasita 50µF zai ba da kamar volt 12. Rizista mai kilo-ohm 1 da kafasita ta biyu 50µF za su rage wannan kusan sau talatin, ya koma ƙasa da rabin volt. A rediyon da ba taransifoma, mai raktifaya ta gefe ɗaya, da 50 ake rabawa, don haka rawar ninki biyu ce.

Masu gyaran amfilifaya sun saba da cusa 220µF ko 470µF, a can kuma ba laifi. A nan laifi ne. Duk girman kafasita ta farko, haka raktifaya ke fizgar wuta da ƙarfi a ɗan ƙanƙanin lokaci don ta cika ta, har ka ga tartsatsi a cikin gilashi. EZ80 da EZ81 iyakarsu 50µF, 5Y3 kuma bai kamata a kai shi ko rabin haka ba. In kana son ƙari, ƙara a ta biyu, bayan rizista. Sayi masu volt 450, ka kuma gitta rizista mai kilo-ohm 220, wat 2, don ta riƙa sauke wuta da kanta cikin minti biyu bayan an kashe. Wannan ba ya ɗauke maka awon da aka ambata a amsar jan wuta.

Ba gara in cire bawul ɗin raktifaya in sa dayod ba?

In bawul ɗin na aiki, bar shi. Yana da wata fa'ida da dayod, wato ƙaramar raktifayar zamani, ba shi da ita: EZ80 sai ya ɗumama tare da sauran kafin ya saki babbar wuta. Dayod irin 1N4007 nan take yake saki, alhali babu mai sha tukuna, sai wutar ta haura ƙololuwa, volt 250 na AC ya zama wajen 350 a kan kafasitoci. Bayan haka ma, bawul yana cin volt ashirin zuwa hamsin a hanya, dayod bai kai volt ɗaya ba, don haka rediyon zai zauna a kan wutar da ta fi ƙarfinsa.

Inda canji ya zama dole shi ne raktifayar seleniyam, wani falalen ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin shasin rediyon Jamus, mai rubutu irin B250C75. Da tsufa tana rage wuta tana zafi, ranar da ta ƙone kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai zai cika ɗaki, hayaƙin kuma guba ne. Sa 1N4007 guda huɗu a madadinta, ka bi su da rizista mai wat 5, ka fara da ohm 100 zuwa 220, kana aunawa har wutar ta yi daidai da abin da zanen haɗin wayoyin rediyon ya nuna.

Wutar NEPA da janareta da inbata, wanne ya fi masa?

Fara da ɗan faifan zaɓen wuta da ke bayan rediyon, mai lambobi irin 110, 127, 220, 240. Ajiye shi a 240. In yana 220 aka kawo 240, wayar ɗumama za ta sha kusan volt 6.9 maimakon 6.3, kwanan bawul ya ragu. Ana so ta tsaya tsakanin 6.0 da 6.6. Wuta mara ƙarfi ba ta kisa nan take, sai dai gajeren zango ya ɗauke. Abin tsoro shi ne lokacin da aka maido da ita da ƙarfi, don haka da an ɗauke a kashe rediyon a zare. Sitabilaiza mai jinkirin kunnawa tana taimakawa. Fis ɗin filogi mai amp 13 a mai da shi 3, a ƙara wani na milli-amp 500 mai jinkirin tsinkewa a ciki, tunda rediyon wat 40 zuwa 60 kawai yake ci.

Ƙaramin janaretan nan na "na fi maƙwabcina" a nisanta shi da rediyon. Wutarsa na hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, in juyinsa ya yi ƙasa kuma taransifoma na zafi. Inbata mai arha tana sa zuza a sauti, sai dai mai fitar da wuta sumul irin ta bango.

An kawo mini Zenith daga Amurka, an rubuta volt 117. Taransifomar rage wuta ta isa?

Za ta kunna shi, amma da sharaɗi biyu. Yawancin masu rage wuta da ake sayarwa naɗi ɗaya ne, ba sa raba ka da bango. In rediyon na jerin nan biyar ne, 12BE6, 12BA6, 12AV6, 50C5 da 35W4, to shi ma ba taransifoma gare shi ba, duk abin da aka faɗa kan masu bawul U ya hau kansa. In kuma yana da ita, an naɗa ta ne don juyi 60, a kan 50 namu za ta fi zafi. Ba ta volt 110, ka taɓa ta bayan rabin awa wuta a zare. In hannu bai iya zama a kai ba, kada a daɗe ana kunna shi.

Taransifomar ta riga ta ƙone. Shi ke nan?

Da saura. Masu naɗin fanka da sitabilaiza na iya naɗa ta, in ka zauna da su. Roƙi oga ya ƙirga zagayen kowane naɗi yana warwarewa, ya yi amfani da waya mai kauri ɗaya, ya sa takardar rabewa tsakanin kowane layi, kada kuma ya manta wayar tsakiya. Wanda ya saba da volt 12 yakan raina takardar nan, a volt 500 daga gefe zuwa gefe kuwa ita ce ran aikin. Wata hanyar ita ce haɗa taransifoma biyu masu volt 12 baya da baya, ta biyun ta maido da wutar sama, a bi ta da dayod huɗu, a samo volt 6.3 daga wata daban. Ko wacce ka bi, nemo abin da ya ƙone ta farko, galibi yana cikin amsar kafasitoci.

Nawa na batir ne, kuma ba a sayar da irin batirinsa yanzu.

Masu DK96, DF96, DAF96 da DL96 suna son volt 1.4 na ɗumama da kuma 67.5 ko 90 na babbar wuta, gwargwadon abin da aka rubuta. Babban batirin tocila guda ɗaya ya isa na farko, batir mai volt 9 guda goma a jere ya ba da 90. Zaren waɗannan bawul ya fi gashi siranta, in wayar ɗumama da ta babbar wuta suka haɗu ko na ƙiftawar ido duka huɗun sun tafi. Mai son haɗa masa wutar bango ya yi amfani da LM317, ɗan abin da ke tsayar da volt inda aka saita, ya saita 1.4 a kan rizistar gwaji kafin ya kusanci rediyon.

A ina zan sami bawul da sauran kaya a Legas?

Kafasita, rizista, dayod, dalma da mita duk akwai a kasuwar Alaba da ke Ojo, da Computer Village a Ikeja. Auna kafin ka biya, jabu na yawo, musamman a manyan kafasitoci masu volt 450. Bawul sai dai daga wani mataccen rediyo, ko a yi oda ta intanet. EL84 da EZ81 har yau ana ƙera su saboda amfilifayar jita, kamfanin JJ a Sulobakiya na cikin masu yi, na tsohuwar Tarayyar Sobiyet kuma 6P14P na zama a gurbin EL84.

Amma kada ka yi gaggawar sayen bawul, su ne suka fi komai daɗewa a cikin akwatin. Baƙin tabo mai sheƙi a saman gilashi alamar lafiya ce, in ya koma fari fat iska ta shiga, ya mutu. Kada a wanke su da ruwa, lambar na gogewa. Haka bayan gilashin da aka rubuta sunayen tashoshi, tsumma mai laima zai share rubutun gaba ɗaya.

Ya kama, bawul na haske, amma shuu kawai nake ji. Ina tashoshin?

In wutar ta yi daidai da zane, duba makunnan zaɓen zango, tsatsar Legas na kama su, mai wanke maɓallan lantarki da dannawa sau da yawa kan buɗe su. Sannan eriya: waya mai tsawon mita goma a waje, nesa da wayoyin wuta. Cikin ɗaki kuwa cajar waya da ƙwan LED da inbata suna cika matsakaici da gajeren zango da hayaniya, kashe su ka ji bambanci. Tashoshin gajeren zango sun ragu ƙwarai, amma gwada zangon mita 16 da 19 da rana, 31, 41 da 49 da dare. In rediyon na da FM, tsofaffin na Jamus a 100 suke tsayawa, wasu a 104. Za ka kama Wazobia a 95.1, RayPower a 100.5 sai an yi sa'a, Radio Lagos a 107.5 kuwa ta fi ƙarfin allurarsa. Kunna shi awa ɗaya ko biyu a mako, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, zafin bawul ne ke korar danshi daga taransifoma.